Bas ɗin da ta shekara uku a filin haya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Maraɗi ne, ina zaune da iyalina a Greensboro, jihar North Carolina ta Amurka. A 2022 na sayi tsohuwar bas ta 'yan makaranta a gwanjo, ƙirar Thomas ta 2004, da niyyar in mayar da ita gida mai tafiya irin wanda ake gani a YouTube: ɗakin kwana, kicin, banɗaki, wutar sola. Burina in ɗauki maiɗakina da yaranmu uku mu bi Blue Ridge Parkway, hanyar yawon buɗe ido da ta ratsa duwatsu, mu ga ƙasar da muke zaune a cikinta ba mu san ta ba. Watannin farko na yi aiki ba ji ba gani, na cire kujeru, na ɓamɓare daɓe da silin. Daga nan komai ya tsaya. Ina aiki a sito kwana biyar a mako, wani lokaci shida. Asabar ba ta rasa suna ko biki ko gaisuwar mutuwa, kuma kowane wata ina aika kuɗi gida. Motar tana wani filin haya mai nisan minti 40 daga gidana, ina biyan dala 90 a wata. Idan na je sai in zauna a kujerar direba, in kalli tarin aikin, in dawo. Maiɗakina ta daina tambaya, abokai kuma sun sa mini suna "mai bas". Ba na so in sayar, amma ban san inda zan samo lokaci da ƙwarin gwiwa ba.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam mai bas, tunda abokai sun riga sun raɗa maka, bari ni ma in ara.

Na yarda lokacinka kaɗan ne, amma ba na jin shi ne ya tsayar da kai. Ka ce kana zuwa filin, ka zauna, ka dawo. Wanda ya yi tuƙin minti 40 zuwa da minti 40 dawowa ai ya samu lokaci. Abin da bai samu ba shi ne abin da zai sa wa hannu idan ya isa. Kuma ba lalaci ne ya kama ka ba, don inda ka tsaya nan masu irin wannan aiki da yawa suke cijewa. Cire kujeru da ɓamɓare daɓe yana cin jiki amma ba ya cin kai: duk abin da ka gani ka kwance, da yamma ka ga tsibin ƙarfe a waje, ranka ya yi fari. Gini ba haka yake ba. Ba za ka shimfiɗa daɓe ba sai ka san inda bututun ruwa zai bi. Ba za ka san inda bututu zai bi ba sai ka yanke inda banɗaki zai zauna. Banɗakin kuma yana jiran ka gano inda za ka rataya tankin ƙazamin ruwa a ƙarƙashin mota, wurin da ba zai ci karo da tankin mai ko farfela ko salansa ba. Shawarwari ne sarƙe da juna, kowace tana jiran 'yar'uwarta, ga shi mai yanke su ya fito daga sito a gajiye. Duk wanda aka ajiye a wannan kujerar direba zama zai yi.

Don haka abin da zan ce ka yi shi ne ka rage girman abin da kake kira "gamawa", ka sa motar ta fara yi maka amfani tun ba ta yi kyau ba. Dokar jihar da kake ciki ma ta yi maka rabin wannan tunani. A North Carolina, kafin a ɗauki mota a matsayin gida mai tafiya a takarda, ana so ta ƙunshi aƙalla 4 daga cikin abubuwa 7: wurin girki, firiji ko akwatin ƙanƙara, masai na cikin mota, na'urar ɗumama ko sanyaya ɗaki, ruwa mai famfo da wurin wanke-wanke, wutar lantarki irin ta gida mai ƙarfin volt 110 zuwa 125, da gas na girki. Huɗu kawai. Ba a ambaci silin mai sheƙi ba, ba a ambaci tayil ko teburin da ke naɗewa ya zama gado ba. Ka je ofishin rajistar motoci, wato DMV, ka tambaye su da bakinka abin da suke so su gani da yadda ake duba motar, sannan ka kira masu inshora ka ji sharuɗɗansu, domin bas da aka fara sauyawa ba a gama ba tana daga cikin motocin da suke ja da baya a kai. Ka kuma duba farantin da ke kusa da kujerar direba inda aka rubuta iyakar nauyin motar. Idan ya haura fam 26,000, ka tambayi irin lasisin da ake bukata kafin ka hau titi da ita. Waɗannan huɗun da takardu su ne aikinka na bana. Sauran duka ka rubuta su a wani littafi ka rufe.

Kai mutumin Maraɗi ne, ka san yadda ake gina gida a wajenmu. Mutum ya sayi fili ya zagaye, ya ta da ɗaki ɗaya ya rufe, ya haƙa masai, ya tare. Filasta da fenti da ɗakin baƙi suna zuwa shekara bayan shekara, mai gida yana ciki yana ganin inda rana ke dukan bango da inda ruwa ke kwanciya. Wanda ya rantse ba zai tare ba sai an sa tayil har zaure, shi ne kangonsa ke zama makwancin awaki.

Kafin ma huɗun nan akwai abin da ya fi gaggawa, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin mota mai man dizal da aka ajiye shekara uku ba jiranka take yi ba, lalacewa take yi a hankali. Batir da aka bari a jone yana zuƙewa, kuma idan ya daɗe a zuƙe ba ya ƙara riƙe caji yadda ya kamata. Ka cire kan batir idan za ka tafi, ko ka sa masa ƙaramin farantin sola mai riƙe caji. Tankin mai da aka bari rabi yana tara raɓa a ciki, ruwan ya kwanta a ƙasa, wani baƙin yauƙi ya tsiro tsakanin ruwa da mai ya toshe matata. Idan man da ke ciki na tun 2022 ne, ka sa bakanike ya duba shi, a canza matatun mai, a yi juyen baƙin mai, sannan ka riƙa barin tanki a cike. Tayar da inji ya yi ta ruri a tsaye minti goma ba ya wadatarwa. Abin da motar ke so shi ne a tuƙa ta har ta yi zafi sosai, giya ta shiga ta fita, birki ya yi aiki, tayoyi su juya, ko da sau ɗaya a wata, bayan takardu da inshora sun daidaita. Idan birkinta na iska ne, ka riƙa sauke ruwan da ke taruwa a tankunan iskar.

Ka durƙusa ka karanta gefen tayoyin. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera tayar. Idan ka ga 2314, tayar mako na 23 ce na 2014. Taya tana tsufa ko ba ta taka ƙasa ba, kuma manyan masu ƙera taya irin su Michelin suna cewa kada a wuce shekara 10 da ita komai kyan haƙoranta. Tayoyi shida na bas kuɗi ne mai nauyi, gara ka san da shi yanzu da ka kashe abin hannunka a kan katako sannan labarin ya riske ka.

Sai yoyo. Tagogin bas ɗin makaranta da ƙofofin tserewa na rufi sun shahara da shigar da ruwa, North Carolina kuwa ƙasar ruwan sama ce da laima. Duk katakon da ka shimfiɗa a kan ƙarfe mai jiƙewa ruɓewa zai yi a ɓoye. Ka kankare tsatsa, ka shafa maganinta, ka toshe ramukan da notunan kujeru suka bari, ka yi wa daɓen ƙarfen fenti, ka liƙe tagogi. Wani abu kuma da ke kama mutane: wayoyin ƙararrawar ƙofofin tserewa a bas da yawa suna haɗe da abin da ke hana inji tashi. Idan lokacin da kake ɓamɓare silin ka yanke wasu wayoyi ka zubar, kuma yanzu motar ta ƙi tashi, ka fara duba nan kafin ka zargi injin. Sa'arka ɗaya, motarka 'yar gida ce. A High Point, maƙwabciyar Greensboro, kamfanin Thomas yake tun 1916, can ya fara da ƙera taragun cikin gari kafin ya koma bas ɗin makaranta a 1936. Bakanike da ya san cikin wannan mota ba zai yi maka wuyar samu a yankinku ba.

Yanzu filin haya. Dala 90 a wata dala 1,080 ce a shekara, shekara uku kuwa 3,240, ba a ɗaura ko noti ɗaya ba. Amma nisan ya fi kuɗin yi maka illa. Minti 80 na hanya yana nufin ba za ka taɓa leƙa motar bayan la'asar ka yi aikin rabin awa ba, dole sai ka ware yini guda, yini guda kuwa ba ka da shi. Ka nemo mata wuri kusa, wanda ke da wutar da za ka jona kayan aiki. Unguwanni da yawa a Amurka ba sa barin a ajiye babbar mota a ƙofar gida, don haka ka tambaya kafin ka ja ta. Amma a cikin jama'armu na can akwai direbobin manyan motoci da masu gareji, su ne suka san inda ake ajiye doguwar mota da arha. Ka tambaya a masallaci ranar Juma'a. Idan wurin kusa bai samu ba, ka kawo aikin gida: ka auna faɗin ƙofar baya, ka riƙa haɗa gado da akwatunan kicin a gida gunduwa-gunduwa yadda za su shige ta, ranar zuwa fili ɗaurawa kawai za ka yi.

Game da lokaci, kada ka jira ranar da za ka samu sarari, ba ta zuwa wa mai iyali a Amurka. Ka yanka wa motar safiyar Lahadi, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, awa uku. Ba a yin suna a wannan lokaci, yara ba su gama tashi ba, ba wanda zai neme ka. Ka ƙara rabin awa a wani dare cikin mako, a gida, don awo da lissafi da sayen kaya. Sharuɗɗa biyu nake so ka riƙe da gaske. Na farko, kada ka bar motar sai ka rubuta aikin Lahadi mai zuwa a takarda ka manna a sitiyari, kuma ya zama ƙarami ƙwarai. "Gyara daɓe" ba aiki ba ne, buri ne. "Toshe ramuka goma na layin hagu" shi ne aiki. Na biyu, duk abin da aikin ke bukata ya kasance a bayan motarka tun daren Asabar. Wanda ya shiga shagon kayan gini irin Lowe's ko Home Depot da safiyar Lahadi neman noti ɗaya ya san yadda awa biyu ke narkewa.

Mu yi lissafi na gaskiya. Idan ka cire azumi da salloli da rashin lafiya da makonnin da sito ya riƙe ka, ka ce Lahadi 40 a shekara. Awa uku sau 40 awa 120 ke nan. Ba za su gina fadar da ka gani a YouTube ba, amma za su busar da mota, su shimfiɗa daɓe, su kafa gado da abubuwa huɗun can. Kuma duk aikin da ka ƙiyasta zai ci Lahadi ɗaya ka ba shi biyu. Wannan ba ciwonka ba ne kai kaɗai. A wani bincike da Roger Buehler da abokan aikinsa suka wallafa a 1994, an tambayi ɗaliban jami'a a Kanada kwana nawa zai ɗauke su su gama kundin kammala karatu. A matsakaici sun ce kusan 34, suka ƙare da kusan 55. Waɗannan fa ba su da sito da yara uku.

Yanayin garinku ma ka sa shi a lissafi. A Yuli da Agusta cikin bas marar silin ba ya shiguwa da rana, a Disamba kuma ƙarfe biyar na yamma duhu ya fara. Manyan ayyuka irin fenti da liƙe tagogi ka ajiye su ga watannin Maris zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba. Watan azumi ka ba kanka hutu da niyya, kada ka lissafa shi cikin gazawa.

Akwai jimla ɗaya a wasiƙarka da ta fi tsatsar daɓen damuna: maiɗakinka ta daina tambaya. Macen da ke mita tana da sauran fata. Wadda ta yi shiru ta riga ta yanke hukunci a ranta, kawaici ne ya hana ta faɗa. Ka ce burinka ka ɗauke ta da yara ku zaga ƙasa, amma ba ka gaya mini ko ita ta taɓa cewa tana so ba. Ka zauna da ita, ba a gaban yara ba, ka buɗe mata lissafin duka: kuɗin saye, na haya, na kayan aiki. Ku yanke abin da motar za ta ci a wata, bayan an fitar da hayar gida da cefane da na iyaye a Maraɗi, kuma ko da wasa kada ka taɓa na iyaye ko ka ci bashin kati don katako. Idan ka ɗauki safiyar Lahadi, ita ma ka ba ta nata lokacin da za ka riƙe yara ta huta ko ta je inda take so. Sannan ka bar mata hukuncin abin da ta fi ka sani: inda risho zai zauna, tsayin wurin wanke-wanke, labulen da zai raba makwancinku da na yara, wurin alwala da inda za a shimfiɗa darduma. Ba bas ɗin YouTube da za ta koya maka waɗannan, don ba don irin gidanka aka gina su ba. Idan kuwa ta ce ita kwana cikin mota bai dame ta ba, to ka ji da kyau. Motar ta zama abin sha'awarka kai da yara, sai ka rage mata girma da kuɗi daidai da haka, ka daina kiran ta aikin iyali.

Zumunci ba zan ce ka rage ba. Gaisuwar mutuwa ba a ɗaga ta don fenti. Amma abokan da ke tsokanarka ka mayar da su ma'aikata. Ka kira gayya wata Asabar, ka sa a dafa shinkafa, ka kawo nama da shayi. Aikin da ya dace da taro yana nan: cire allon gefe mai tsayar da motoci da jajayen fitilun sama, kankare rubutun makaranta, goge jikin mota da shafa sabon fenti, tunda jihohi da yawa ba sa yarda motar da ta bar aikin makaranta ta ci gaba da yawo da kamannin bas ɗin yara. Abin da zai ci maka wata biyu kai kaɗai mutum takwas za su tashe shi a yini, kuma wanda ya shafa fenti da hannunsa bakinsa ya mutu. Yara su ma a ba su buroshi, amma ranar yankan ƙarfe su zauna a gida.

Abu uku kada ka koya a kan iyalinka: bututun gas, wayarin wutar gida, da birki. Ka biya masu sana'ar. Ɗaga rufin mota don ƙarin tsayi kuwa, wanda na san ka gani ka yi sha'awa, ka manta da shi. Aikin walda ne babba, kuma Blue Ridge Parkway da kake mafarki, mai tsawon mil 469, tana da ramuka 26 da mota ke bi ta cikin dutse, guda 25 a cikin jiharku, wasunsu ba su da tsayi sosai daga gefe. Wani abin da zai ba ka dariya: dokar North Carolina ta tsayar da gudun bas mai ɗauke da 'yan makaranta a mil 45 a awa, shi ya sa ake ɗaure wa da yawansu inji don kada su wuce haka. Idan taka tana cikinsu za ta wahalar da kai a babbar hanyar I-40 sai an kwance ta, amma a Blue Ridge Parkway iyakar gudun ma ba ta wuce 45.

Ka sa ranar kwanan farko tun yanzu, ka faɗa wa yara, don su ba sa mantuwa kuma ba sa jin nauyin tunatarwa. Ba tafiyar mil 469 ba: sansanin shaƙatawa mafi kusa da gida, dare ɗaya, da katifu a ƙasa da kula da risho a waje. Tunda ka cire kujeru, iyali su biyo ka a ƙaramar mota, kowa da bel ɗinsa, har sai ka kafa kujeru na gaske masu ɗaure da ƙarfen motar. Kada kowa ya kwana a ciki sai ka rataya na'urar jin hayaƙi da ta iskar gas mai kisa marar wari, da tukunyar kashe gobara kusa da ƙofa. A wannan dare ɗaya za ka gane inda gado ya kamata ya kasance fiye da yadda zanen shekara uku ya nuna maka. Kallon bidiyon motocin da aka gama kuma ka dakatar da shi. Aikin shekara biyu ne ake matsewa a minti ashirin, wasu masu yin sa ma shi ne sana'arsu. Ka kalli wanda ya shafi aikin da ke manne a sitiyari kawai.

Ka ce ba ka so ka sayar, ban kuma ce ka sayar ba. Amma ka ba kanka wata shida a kan wannan tsari, kana sa alama a kalanda duk Lahadin da ka je. Idan wa'adin ya cika ka ga ba ka cika ko rabi ba, alhali ba ciwo ba tafiya, to sha'awar ta ƙare, kunyar abokai ce ta rage, ita kuwa ba ta kai dala 1,080 a shekara ba. Ka yi istihara ka sa ta a kasuwa. Bas mai tashi, busasshiya, wadda aka share cikinta kuma takardunta suka cika, ta fi saurin samun mai saye a kan wadda aka gina rabi bisa son wani, saboda haka duk aikin da na lissafa maka na farko ba asara ba ne ko da can aka ƙare.

Lahadin nan ka tafi da abin cajin batir, da tocila, da alli, da babban ɗanka. Ka rubuta lambobin tayoyi shida. Ka gwada tayar da inji. Idan akwai famfo a filin, ka hau tsani ka yi ta zuba ruwa a rufi da tagogi, yaron yana ciki yana zagaye duk inda ya ga ɗigo. Allah ya ba da sa'a, a gaida uwargida da yara.